Malam Arzika, Jirginsa, da Shinkafar Nomau

Ina cikin ɗaura wa wata tsohuwa abin awon jini a dantse da safen nan, a ƙaramin asibitin da nake aiki a Maiyama, aka kira ni daga Jega. Malam Arzika ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce wane Arzikan? Aka ce Mai Jirgi. Na ce ƙarya ne, na kashe wayar. Tsohuwar da ke gabana ce ta ce, "Ɗana, zamna tukuna."

Ya yi sallar asuba a masallacin unguwarsu, ya dawo ya ce wa iyalinsa kansa na sarawa, ya kwanta. Shi ke nan. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Yanzu na shigo gida, warin fetur bai bar hannuna ba. Bari in gaya muku wane ne shi, sannan in gaya muku dalilin warin.

Asalinsa mutumin Kashin Zama ne. Ya koyar da fasaha a makarantar sakandare har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shago a Jega yana gyaran injin ban ruwa. Nan na san shi. Na kai masa injin wani ƙanena, sai na ga wani abu a kan benci, an tsiraita shi, ga farfela doguwa kamar takobi a gefe.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Jirgi na. In ka iya haƙuri kana ganin shi sama."

Helikwafta ce ƙarama, irin wadda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, amma ba ta batir ba. Inji gare ta mai shan fetur gauraye da baƙin mai, mai ƙara kamar injin yankan ciyawa. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya aiko masa da ita daga Legas a cikin kwali, a kakkarye. Mutane suka ce Malam ya tsufa ya koma wasan yara. Ko a jikinsa. Ya yi ta lallaɓa ta har ranar da ta tashi a filin ƙwallo, rabin unguwa suka fito babu takalmi.

Wasan ya zama aiki shekarar da jan-baki ya sauka wa mutanen Katanga. Wanda ya taɓa noman shinkafa ya san tsuntsun nan. Sai shinkafa ta yi nono, ko ta fara nuna, su taso kamar hayaƙi, kafin ka yi ihu sun bar maka kara. Malam ya ɗaure akwatin jirginsa a bayan babur ya je ya gwada. Ƙarar injin da inuwar farfelar suka tarwatsa su.

Tun daga ranar wayarsa ba ta huta ba. Katanga, Kashin Zama, Sarandosa, duk inda aka kira shi yana zuwa. In an gama a ba shi fura ya sha, ya goge baki ya hau babur.

Ni kuma na maƙale masa. Duk ranar da ba ni da aiki ina bayansa. Shi ya laƙaba mini Likita, ko da yake ya san ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne kawai. In na hana shi sai ya ce, "To mi zan ce maka? Mai allura?"

Abin da zan fi tunawa da shi ba tashin jirgin ba ne. Saukar da shi ne.

Malam bai taɓa barin jirgin nan ya daɗe a sama bai sauke shi ya duba zafin injin ba. Ko tsuntsu ya rufe rana. Ya ɗan yi shawagi, ya sauke, ya durƙusa, ya auna, sannan ya sake tashi.

Da farko ma ba shi da abin awo. Yawu yake ɗisawa a kan injin, kusa da fulogi. In yawun ya zauna yana ɗan tafasa a hankali, ya ce lafiya. In ya yi tsalle ya ɓace nan take, ya kashe inji ya nemi inuwa. Da azumi kuwa baki a bushe, sai ya koma ɗiga ruwan buta da tsinke.

Ni abin nan ya dame ni. Wata rana na zo masa da bindigar auna zafi, irin wadda muka yi ta ɗora wa mutane a goshi lokacin korona. Ina ta yanga, na ce yau an gama da zamanin yawu.

Ya sauke jirgi, na saita ta a kan injin. Sai ta yi ja tana tsuwa, babu lamba ko ɗaya. Ashe iyakarta zazzaɓin ɗan Adam, da an wuce arba'in da 'yan kai ta rikice.

Malam ya karɓa ya ɗora mini a goshi, ya duba, ya ce, "Kai lahiyarka lau, Likita. Injin ga na tac ce a kwantar asibiti."

Manoman da ke wurin suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Har yau in na shiga Katanga akwai mai tambayata ko an sallami injin.

Daga baya ɗalibin nan nasa ya aiko masa da ta gaskiya, wadda aka yi don inji. Ya ɗaura mata igiya ya rataya a wuya. Ya ce mini iyakarsa ɗari da talatin. In kan injin ya wuce nan, babu tashi, ko wane ne ke roƙo.

A wurinsa na koyi cewa injin nan yunwar mai ce ke sa shi zafi. Baƙin man da ke sanyaya masa ciki a cikin fetur ɗin yake, to in fetur ya yi kaɗan, shi ma ya yi kaɗan. Shi ya sa yake son ganin ɗan hayaƙi na bin jirgin. In hayaƙi ya ɗauke, ƙarar ta siranta, sai ka ga fuskarsa ta canza.

Ni da a tunanina da sanyin safiya babu abin tsoro, tunda gari da sanyi inji ma zai ji daɗi. Ya ce nan ne mutane ke ƙone inji. Iskar safe ta fi nauyi, ta fi cika masa ciki, sai man ya zama bai ishe ta ba. Don haka da safe yakan ɗan buɗe sukurun kafireto, kaɗan, kaurin farce. Na yi gardama, ya bar ni na gama, ya miƙo mini bindigar ya ce in auna da kaina. Na auna na ga gaskiyarsa.

Fulogi ma karanta shi yake yi. In ya fito da launin ƙuli-ƙuli, ya yi murmushi. In ya yi fari kamar toka, ya ce an ci amanar inji. In ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ya ce an shagwaɓa shi.

Mutumin kirki ne, wallahi, ba don ya mutu nake faɗa ba.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, kullum sai ya biyo da kunu a fulas, ya zauna a waje, ba ya ma shiga ya dame ta. Da injin wutar asibitinmu ya tsaya ana tsakar zafi, ga allurar rigakafi a firji, kira ɗaya na yi masa ya baro shagonsa a buɗe. In ya je Aliero kuwa, sai maiɗakina ta ga albasa a ƙofar gida, ba sallama ba saƙo, ta san shi ne.

Amma fa yana da taurin kai. Wanda ya fi kowa shan wannan taurin shi ne Nomau.

Nomau manomi ne a wajen Sarandosa. Gonar shinkafa ɗaya gare shi, ita ce cin gidansa na shekara, ga iyali da yawa. Mutum ne mai faɗa, muryarsa tana riga shi isa wuri. Bara muna gonarsa, tsuntsu ya taso da gaske, Malam ya kore su sau ɗaya, sau biyu, sai kawai ya sauke jirgi ya durƙusa da bindigarsa.

Nomau ya taho da gudu, laka har gwiwa. "Malam! Mi kaka yi haka? Ga su can sun sauka! Kai ta injinka kaka yi, ni ta abincin ɗiyana nika yi!"

Malam bai ɗago ba sai da ya karanta lambar. Sannan ya nuna masa cikin gonar da haɓa. Matan Nomau ne da 'ya'yansa a tsaitsaye cikin shinkafa, suna jan igiyar gwangwani suna ihu.

Ya ce, "Nomau, in injin ga ya ƙame sama, bisa wa za shi hwaɗi? Hwarhwelar ga tana raba kan mutum. Ni ba inji nika tsaro ba."

Nomau ya yi ta ƙunƙuni ya koma cikin gonar. Bana kuma shi ya fara kira.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ce. Bayan masallaci muka fita bayan gari da jirgin. Na daɗe ina tuƙawa a gabansa, amma sukurun kafireto bai taɓa bari na taɓa ba. Ran nan sai ya miƙo mini sukudireba ya koma gindin bishiya ya zauna.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hannuna ya hwara rawa, Likita. Kai za ka saita shi yau."

Na saita, na tashi, na sauke, na auna. Ya ce in karanto masa. Na karanto. Ya gyaɗa kai.

Da za mu rabu ya riƙe mini kan babur ya ce, "Tuƙi ka iya, ban da shakka. Abu guda nika jiye maka. In lamba ta wuce, kada ka yi gardama da ita. Kai dai mai gardama na."

Na yi dariya na ce ya cika sa ido. Ban san sallama muke yi ba.

To yau bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Na hango Nomau a can gefe, ya haɗa kai da gwiwa. Shinkafarsa ta nuna, saura kaɗan a yanka, kuma na san jan-baki ya sauka yankinsu, don Malam ya gaya mini ya yi masa alkawarin zuwa yau da la'asar. Mutumin nan ya bar gonar a hannun mata da yara ya zo jana'iza. Nomau, mai faɗan nan, ko tari bai yi ba.

Sai aka ce Inna Kulu, maiɗakin Malam, tana kirana. Na je bakin ƙofar zaure ta ciki na durƙusa. Tana daga bayan labule, muryarta a dushe.

Na fara yi mata gaisuwa, ta katse ni. Ta ce, "Likita, jiya da marece ya haɗa mai cikin galan, yac ce na Nomau na. Yana nan shago tare da akwatin. Ɗauki ka tahi."

Na ce, "Inna, yau fa? Mutane za su ce me?"

Ta ce, "Gaisuwa ba ta ƙarewa yau. Shinkahwar bawan Allah ga tana iya ƙarewa yau. Tashi."

Na tashi.

Nomau ya rungume akwatin a bayana a kan babur, galan a tsakaninmu, bindigar Malam a wuyana. Haka muka isa Sarandosa. Muka yi la'asar a bakin gona, na haɗa farfela, na zuba mai, na ce a janye yara daga inda zan tashi.

Ba mu daɗe ba jan-baki suka taso daga itatuwan bakin rafi. Wallahi ban taɓa ganin yawansu kamar na yau ba.

Na tayar da inji, na ɗaga jirgi, na shiga tsakiyarsu. Suka tsage biyu suka yi sama. Matan Nomau suka ɗauki guɗa, a ranar makoki, sannan suka tuna suka yi shiru. Na sauke a kan busasshiyar ciyawa a gefen kunya, na auna. Ɗari da ashirin da biyar. Na sake tashi.

Karo na biyu sun fi yawa, kuma sun rabu, wasu gabas wasu yamma. Na yi ta kai da kawowa, ina ɗaga shi da ƙarfi ina sako shi. Can sai kunnena ya ji abin da Malam ke ji. Ƙarar ta siranta. Na duba bayan jirgin, hayaƙin ya kusa ɗaukewa.

A daidai lokacin wani babban garke ya karkato zuwa kusurwar gabas, inda shinkafar ta fi nauyi. A ƙarƙashin jirgin kuma uwargidan Nomau ce, da goyo a bayanta, tana buga gwangwani.

Na janyo shi gefe na sauke.

Na auna. Ɗari da arba'in da bakwai.

Ba zan ɓoye muku ba, na sake aunawa. Na matsa gefen fulogi na sake. Zuciyata tana ce mini tashi ɗaya kawai, ɗan gajere, ka kore su daga kusurwar nan ka dawo. Ina da hujjoji sun fi goma, duk masu kyau. Na kashe injin.

Da ƙarar ta ɗauke sai ta tsuntsun ta cika wurin. Kuna jin yadda suke cin shinkafa? Kamar yayyafi a kan kwano. Nomau yana tsaye kusa da ni, yana kallon gabas, jijiyar wuyansa ta tashi. Na jira ihunsa. Sai kawai ya tuɓe rigarsa ya ruga cikin gonar yana kaɗa ta.

Na kifa jirgin na leƙa. Bakin fankar da ke hura wa injin iska ya cushe da busasshiyar ciyawa da gashin tsuntsu. Inda na sauka da farko ne ya kwaso ciyawar. Na samo tsinke da ɗan burushin Malam na yi ta sakata. Na ɗan buɗe sukurun, kaurin farce. Sannan na zauna ina jiran lamba ta sauko, ina kallon tsuntsu na cin abincin mutane.

Ban taɓa jira mai ɗaci irin wannan ba. Nan ne kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo mini.

Da ta sauko sosai na shimfiɗa buhu na ɗora jirgin a kai, na tayar. Hayaƙi ya dawo, ƙarar ta yi kauri. Na tashi na share su daga gabas, na bi su har bakin rafi. Na sauke na auna, ɗari da ashirin da biyu. Haka muka yi ta yi, tashi da sauka, har rana ta yi ja suka koma itatuwansu. Lambar ba ta sake haurawa ba.

Mafi yawan gonar ta tsira. Amma kusurwar gabas ta tafi. Muka taka har wurin ni da Nomau, zangarniya a tsaye fayau, babu ƙwaya, ƙasa duk ƙaiƙayi. Abincin gidansa ne na wani lokaci mai tsawo, na sani, shi ma ya sani.

Na ce, "Nomau, ka yi haƙuri. Da na tashi a lokacin, wataƙila da wannan bai tafi ba."

Ya tsinko zangarniya ɗaya ya murza a tafinsa, ya hure. Ya juya ya dubi uwargidansa tana kwance goyo a bakin kunya, yaron yana ta miƙa.

Sannan ya ce, "Likita, ba a ce abin da tsuntsu yac ci gonar Musulmi sadaka ta ba? To ni wagga ban so ladarta. Na ba Malam. Allah Shi kai mashi har kabari."

Muka ɗaga hannu a nan cikin karan, ni da shi, muka shafa.

Jirgin yana gidana yanzu. Inna Kulu ta ce ya zauna wurina har a gama yankan bana. Mutanen Katanga da Kashin Zama da Malam ya yi wa alkawari, zan zo, da yardar Allah. Kuma zan riƙa saukewa ina aunawa, ku yi faɗanku ku gama.

Ya Allah, ga bawanka Arzika ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Duk ƙwayar da ya tsare wa talaka, da wadda Nomau ya ba shi yau, Ka sa ya tarar da su a mizaninsa. Ka ba Inna Kulu da 'ya'yansa haƙuri, Ka mayar wa Nomau da abin da ya fi wanda ya rasa.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce haka. Ka tsaya ka roƙa masa gafara, ka sa shi a sujadarka ta gaba.

Allah Ya jiƙan Malam Arzika. Amin.